Butloda na yana kukan wa'adi ya ƙare, alhali filash ɗin lafiyarsa ƙalau

Sabon Injiniya: Assalamu alaikum jama'ar gida. Don Allah agaji nake nema, yau kwana uku abin nan ya hana ni sakat. Butloda, wato ƙaramar manhajar da ke fara tashi ta ɗora babbar manhaja, nake rubutawa a kan cif ɗin STM32F103C8, don wata na'urar lura da batirin sola. Sabuwar manhaja tana shigowa ta layin waya na UART da tsarin turo fayil na XMODEM a gudun 115200, in ajiye ta a filash na waje, wato cif ɗin ajiyar bayanai W25Q64, in duba CRC, lambar da ke nuna ko bayanan sun cika daidai, sannan in kwafe ta cikin filash na ciki. Butloda ya ci 16 KB, manhajar kuma 48 KB ce.

Duk lokacin da na fara turawa sai ta tsaya a hanya da saƙon cewa wa'adin rubuta shafi ya ƙare. Abin da ya fi ɗaure min kai, ba a wuri ɗaya take tsayawa ba. Yanzu shafi na 7, anjima na 31, ɗazu har ta kai na 60 na fara murna. Na canza cif ɗin filash har sau biyu, na sake solda, na rage tsawon wayoyi, duk a banza. Takardar bayanan cif ɗin ta ce rubuta shafi ba ya wuce milisakan 3, ni kuwa milisakan 10 cur na ba shi. Ga wurin:

uint32_t fara = bugu;
while (filash_na_aiki()) {
if (bugu - fara >= 1) return WAADI_YA_KARE;
}

SysTick, wato maƙirgin lokaci na cikin furosesa, shi ne ke ƙara bugu, sau 100 a daƙiƙa.

Baba Mai Rediyo: Wa alaikumus salam. Yaro, a ina ka sayi cif ɗin? Ni dai kafin in zargi kod, kasuwa nake fara zarga. An sha sayar mana da kaya an goge rubutu an buga sabo.

Sabon Injiniya: Baba, wurare biyu daban na saya, duka abu ɗaya suke yi.

Antin Kod: Bar cif ɗin nan ya huta, ba shi da laifi. Ba milisakan 10 ka ba shi ba. Abin da ka rubuta shi ne: da zarar lambar bugu ta canza, a ce wa'adi ya ƙare. Yaushe za ta canza? Ya danganta da inda ka tarar da agogon lokacin da ka fara.

Ɗauki agogon wayarka, wanda ba ya nuna daƙiƙa. Na ce maka jira ni minti ɗaya, ka duba ka ga 10:04. Ba ka sani ba ashe 10:04 ɗin saura daƙiƙa biyu ta cika. Ka ɗaga kai ka sake dubawa ka ga 10:05, sai ka ce Anti ta saɓa alkawari, ka yi tafiyarka. Daƙiƙa biyu ka jira, ba minti ba. Haka kod ɗinka yake yi wa filash. Wa'adinka yana iya zama milisakan 10, yana iya zama 4, yana iya zama kusan sifili.

Sabon Injiniya: Innalillahi. Anti, wato kwana ukun nan da kuɗin cif biyu duk a kan alamar daidai guda ɗaya suka tafi?

Malam Osilo: Kafin ka yarda da ita ko da ni, auna. Ɗaga wata ƙafar GPIO lokacin da ka ba da umarnin rubutu, ka sauke ta in filash ya gama. Wata ƙafar kuma ka riƙa juya ta a cikin SysTick. Ka ɗora su biyun a osiloskop. Gani ya kori ji.

Sabon Injiniya: Na yi, Malam. Rubutun yana ɗaukar kamar rabin milisakan. Kuma wallahi duk sanda ta faɗi, bugun SysTick ɗin yana faɗowa ne a tsakiyar rubutun. Na gani da idona sau biyar.

Malam Osilo: To ga lissafinka ya fito. Rabin milisakan cikin 10, wato kowane shafi yana da damar faɗuwa ɗaya cikin 20. Manhajar 48 KB shafi 192 ce, tunda kowane shafi bayit 256 ne. Damar ka tsallake dukkansu lafiya ba ta wuce kamar 5 cikin 100,000 ba. Na tabbata da wata 'yar ƙaramar manhaja ka fara gwaji, mai kunna fitila tana kashewa.

Sabon Injiniya: Ƙwarai kuwa, ta 2 KB. Yawanci tana wucewa, in ta faɗi sai in ce waya ce ta motsa.

Malam Osilo: Shafi 8 ke nan, sau biyu cikin uku za ta wuce. Ita ta ruɗe ka.

Baba Mai Rediyo: To an wanke 'yan kasuwa yau, na janye. Amma ni duk wannan lissafin bai dame ni ba. Yaro, sa wa'adin daƙiƙa ɗaya ka huta. Ko ma ka cire shi gaba ɗaya. Filash in ya gama zai ce ya gama. Sannu ba ta hana zuwa.

Antin Kod: Baba, da girmanka, rabin maganarka na karɓa, rabi ban karɓa ba. Faɗaɗa wa'adi daidai ne. Wa'adi ba sandar tsere ba ce, ba wanda zai ba ka kyauta don ka matse shi. In komai lafiya ba a taɓa kaiwa gare shi, don haka tsawonsa ba ya rage gudun aiki ko kaɗan. Amma cire shi? Ranar da ƙafar MISO, wadda filash ke amsawa ta cikinta, ta tsinke, layin ya tsaya a sama, duk abin da aka karanto 0xFF ne. Alamar cewa filash yana aiki kuwa ita ce bit na farko a rajistar matsayi. Ka ga butloda zai zauna yana jiran cif ɗin da ba ya ma jin sa, har batir ya mutu. Na'urar tana kan rufin wani a ƙauye, wa zai hau ya danna mata riset?

Baba Mai Rediyo: Ai shi ya sa aka yi wachdog, mai yin riset da kansa in manhaja ta maƙale, 'yata.

Antin Kod: Wachdog zai sake tada na'urar, ta dawo ta maƙale a wuri ɗaya, ya sake tada ta. Ba zai gaya maka abin da ya faru ba. Wa'adi kuwa yana ba ka damar rubuta lambar kuskure, ka kunna jar fitila, ka koma tsohuwar manhaja.

Ga gyaran, Sabon Injiniya. Mafi sauƙi ka mayar da >= ya zama > kawai. Sai lamba ta canza sau biyu kafin a yanke hukunci, jiranka zai faɗa tsakanin milisakan 10 da 20, ba zai taɓa gaza 10 ba. Ƙa'idar ita ce in kana son jiran da bai gaza bugu N ba, sai ka ƙirga N da ɗaya, domin bugun farko guntu ne, ba ka san nawa aka riga aka ci a cikinsa ba. Buɗe HAL_Delay, kod ɗin jira na ST masu ƙera cif ɗin, ka karanta, za ka ga suna ƙara bugu ɗaya a kan abin da ka nema, saboda wannan dalilin. Shi ya sa HAL_Delay ta milisakan 1 takan kai kusan 2, mutane su yi ta ƙorafi suna cewa ɓata lokaci ce.

Ɗan Linux: In ƙara a kan na Anti. Wannan ba ciwon masu koyo kaɗai ba ne. A U-Boot, sanannen butlodan da ke tada Linux, get_timer milisakan take bayarwa, ita kuwa filash irin ta CFI tana faɗin lokacin rubutunta da maikrosakan. In ka raba da 1000 kai tsaye, maikrosakan 512 sai ta zama sifili, tunda rabon lambobi cikakku yana zubar da saura. Wa'adin sifili kuwa ya ƙare tun kafin a fara. Shi ya sa direban yake ƙara 999 kafin ya raba, don a tattara zuwa sama. Duk inda kake mayar da lokaci daga ƙaramin ma'auni zuwa babba don wa'adi, sama ake tattarawa, ba ƙasa ba.

Kai da bugunka na milisakan 10, da ka rubuta aikin da ke karɓar milisakan ya raba da 10, da ka ba shi 3 ɗin takarda sifili zai fito.

Sabon Injiniya: Wallahi da farko haka na yi, na ga ko shafi ɗaya ba ya wucewa, shi ne na sa 1 da hannu.

Ɗan Linux: Ka ga ni ba boka ba ne, hanyar ce duk muka bi.

Akwai na biyu da ba a ambata ba. A kod ɗinka kana duba filash, sannan ka duba agogo. A ce tsakanin dubawa biyun wani katsalandan, wato interrupt irin na SysTick, ya shigo ya riƙe furosesa na ɗan lokaci. Filash ya gama tuni, amma kai da ka dawo agogo kawai ka kalla, ka ce ya makara. A Linux, readl_poll_timeout da 'yan uwanta in lokaci ya ƙare sai sun sake karanta rajistar sau ɗaya kafin su ce an gaza. Kai ma yi haka: in wa'adi ya cika, sake tambayar filash. In ya ce ya gama, to ya gama, ba ruwanka da agogo.

Na Damagaram: Sannunku da aiki. Ni tambaya gare ni. Me ya sa ba zai sake gwadawa kawai ba in ta faɗi? Ni haka nike yi, sau uku, kuma bai taɓa ba ni matsala ba.

Antin Kod: Malam, wannan ta fi ta farko haɗari in ba a yi hattara ba. W25Q in yana cikin rubutu ba ya sauraron kowane umarni sai na karanta matsayi da na dakatarwa. Sauran duk watsi yake yi da su, kuma ba zai ce maka ya yi watsi ba. To a ce wa'adin ƙarya ya faɗa, cif yana tsakiyar aiki, kai kuma ka aika umarnin buɗe rubutu da sabon shafi nan take. Ya share ka. Jim kaɗan ya gama aikin farko, alamar aiki ta sauka, kod ɗinka ya ce madalla an rubuta. In shafin da ka maimaita ne, ka ci sa'a, tunda na farkon ya shiga. In kuwa kod ɗin ya wuce shafi na gaba ne, ka bar rami a tsakiyar manhaja, 0xFF zalla. Sai CRC ta kama shi, in kana duba CRC daga abin da ke cikin filash. In daga abin da ya shigo ta waya kake lissafa ta, ko ita ba za ta gani ba.

Na Damagaram: To fa. Bari in je in duba nawa, daga waya nike lissafawa.

Baba Mai Rediyo: Ku dai kuna wahalar da kanku da katsalandan a butloda. Mu a da madauki muke sawa ya ƙirga zuwa dubu ɗari, shi ke nan an jira. Ba SysTick ba komai.

Malam Osilo: Baba, wannan madaukin ya taɓa cin min mako guda. Cif ɗin nan in ya tashi, da agogon ciki na 8 MHz yake farawa. In ka kunna kiristal da PLL ya koma 72 MHz. Madaukin da ke jiran milisakan 9 kafin canjin, bayan canjin kusan 1 zai jira. Sannan ranar da ka ce wa kwamfaila, mai fassara kod zuwa harshen cif, ta matse kod da -O2, in ba ka sa volatile ba, kalmar da ke hana ta yi wa maƙirgin dabara, sai ta ga madaukin ba ya haifar da komai ta share shi ɗungurungum. Ni a bod ɗin gwaji komai na tafiya, da na gina sigar da za a kai wa mai kaya sai allon LCD ya ƙi tashi, saboda jiran da yake buƙata bayan kunna wuta ya ɓace. Mai kayan yana tsaye a kaina yana duba agogo.

Af, Sabon Injiniya, bugu ɗinka volatile ne?

Sabon Injiniya: Eh Malam, wannan kam na sa.

Malam Osilo: Madalla. Amma in yi wa Baba adalci, akwai gaskiya a ƙin katsalandan ɗin da yake yi, illa dai madauki ba shi ne magani ba. Ka gyara na filash ɗin waje, yanzu saura na ciki, kuma can wani abu na jiranka. A F103, lokacin da ake goge shafin filash na ciki, furosesa ba ta iya karanto umarni daga filash ɗin, tsayawa take yi cak har a gama. Gogewar shafi ɗaya milisakan 20 zuwa 40 ce a takarda. Aikin SysTick ɗinka a ina yake zaune? A filash. Maƙirgin SysTick zai ci gaba da juyawa, amma aikin da ke ƙara bugu ba zai gudu ba, kuma katsalandan ɗaya tak ake ajiye maka komai yawan waɗanda suka wuce. In bugunka na milisakan 1 ne, 20 ko fiye za su wuce ka ƙirga ɗaya. Shafi 48 za ka goge, kowanne 1 KB. Agogonka zai koma baya da kusan daƙiƙa ɗaya ko fiye, bai kuma san ya koma ba.

Sabon Injiniya: To ai wannan tsawaita wa'adi zai yi, ba gajartawa ba. Ina illar?

Malam Osilo: Illar tana wurin wanda bai tsaya ba. IWDG, wachdog ɗin cif ɗin nan, da nasa agogon yake tafiya, LSI, bai san ana gogewa ba. In ka ce za ka riƙa shafa masa kai duk bayan bugu kaza, bugun kuma ya tsaya, zai cije ka a tsakiyar kwafa. Kuma LSI ɗin nan ba abin dogaro ba ne wajen daidaito: ana ce masa 40 kHz, amma takarda ta ce daga 30 har 60 yana iya zama. In ka lissafa daƙiƙa ɗaya a kan 40, a wani cif ɗin kashi biyu cikin uku na daƙiƙa za ka samu. Da 60 ake lissafi. Kuma in ka kunna shi ba a iya kashe shi sai an yi riset, don haka babbar manhajar ma dole ta san da zamansa.

Wanda bai tsaya ba na biyu shi ne mai turo maka bayanai. A 115200 kowane bayit kamar maikrosakan 87 ne. In ka aika ACK, amsar cewa ka karɓa, kafin ka gama gogewa, kwamfuta za ta fara turo fakiti na gaba, UART ɗin kuma bayit ɗaya yake iya riƙewa. Gama aikinka tukuna, sannan ka ce a turo.

Ɗan Linux: Shi ya sa a yawancin bod-bod U-Boot bai dogara da katsalandan don lokaci ba. Maƙirgin da ke gudu da kansa a cikin cif ake karantawa, a lissafa bambanci. Ba abin da zai ɓace don furosesa ta tsaya.

Antin Kod: Ni ma shi nake yi a butloda, amma a faɗa masa tarkunan. Taimomin F103 duk bit 16 ne. In ka saita TIM2 ta buga sau miliyan a daƙiƙa, tana kewayowa sifili duk milisakan 65.5. Ya isa rubuta shafi, bai isa goge sashen 4 KB na W25Q64 ba, wanda yawanci kamar milisakan 45 ne amma takarda ta ce yana iya kai 400. Kuma a 72 MHz ba za ka iya sauke ta zuwa bugun milisakan 1 ba, don sai ka raba da 72,000, mai rabawar kuma iyakarta 65,536. Raba da 7,200 ka sami bugu 10,000 a daƙiƙa, kewayowa duk daƙiƙa 6.5. Wannan ya wadatar da kusan komai.

Sai tarkon C. In yanzu da fara duka uint16_t ne, ka rubuta yanzu - fara, kwamfaila tana ɗaga su zuwa int mai bit 32 kafin ta debe. In maƙirgi ya kewayo, amsar sai ta fito da alamar debewa, gwajin ya ce lokaci bai yi ba. Dole ka mayar da sakamakon uint16_t da hannunka kafin ka gwada.

Na Damagaram: Maƙirgin DWT na cikin furosesa fa? Na ji ana yabon shi.

Antin Kod: Yana da kyau, bit 32 ne, yana ƙirga kowane bugun furosesa, a 72 MHz yana kewayowa duk kusan daƙiƙa 60. Cortex-M3 da M4 suna da shi, M0 ba shi da shi. Ka dai tuna ka kunna TRCENA a rajistar DEMCR da kanka. Dibaga takan kunna maka shi, sai ka ga komai na aiki a tebur, ka cire kebul ka kashe wuta ka kunna, maƙirgi ya tsaya a sifili, wa'adi ba zai taɓa cika ba.

Baba Mai Rediyo: Duk wannan maganar kewayowa, butloda da ke rayuwar daƙiƙa biyu ina ya ga kwana 49? Ku bar tsorata yaro.

Ɗan Linux: Baba, kwana 49.7 ɗin na maƙirgin milisakan mai bit 32 ne. Mai bit 16 daƙiƙa 65 ne kawai, turo manhajar 48 KB a 9600 ma ya kusa kai haka. Sannan butloda ba kullum yake rayuwar daƙiƙa biyu ba. A ɗauke wuta ana tsakiyar sabuntawa, na'ura ta tashi ta ga manhaja ba ta cika ba, sai ta zauna a butloda tana jira. Sola ce, batir na ciyar da ita. Kafin a sami mai zuwa ƙauyen da laftof ana iya yin wata biyu.

Manya ma sun faɗa ramin nan. Windows 95 da 98 suna iya sandarewa bayan kwana 49.7 a kunne. A 2015 hukumar jiragen sama ta Amurka, FAA, ta ba da umarni a kan Boeing 787, saboda na'urorin da ke kula da janaretocinsa suna iya kashe kansu in sun yi kwana 248 a kunne ba a kashe ba. Shi ya sa a Linux ake fara jiffies, maƙirgin bugunsa, saura minti 5 ya kewayo, da gangan, don duk direban da ya yi kuskuren ya tonu tun ana tebur.

Shi Sabon Injiniya a nan bai yi laifi ba, bugu - fara ya rubuta, kuma shi ne daidai. Wanda ke kashe mutane shi ne bugu > fara + wa'adi. In jimlar ta zube ta koma ƙarama, wa'adi ya ƙare nan take. Shawarata ka ari dabarar Linux, ka fara bugunka daga 0xFFFFF000 maimakon sifili.

Baba Mai Rediyo: To na ji ta jirgin sama. Amma har yanzu ina nan a kan bakata, a ba wa'adi sarari. Ku matasa kun fiye son komai ƙis-ƙis.

Antin Kod: A nan ai bakinmu ɗaya, Baba. Ni ninki biyu ko uku na iyakar takarda nake sawa, iyakar kuma ba matsakaici ba. Filash in ya tsufa, ko zafi ya yi yawa, gogewarsa takan ƙara jinkiri, kuma akwatin ƙarfe a rana a watan Afrilu ba ɗakin gwaji ba ne.

Admin: Wanda ya turo tallar wayoyi an goge. A kiyaye don Allah. Ku ci gaba.

Sabon Injiniya: Tunda ana kan wa'adi, in ƙara ɗaya. In na'ura ta tashi, tsawon wane lokaci ya kamata butloda ya jira ko za a turo sabuwar manhaja? Na sa daƙiƙa 5, mai aikin ya ce ya yi yawa.

Ɗan Linux: Yana da gaskiya. U-Boot daƙiƙa 2 yake zuwa da ita in ba ka canza bootdelay ba. Optiboot, butlodan Arduino Uno, kamar daƙiƙa 1 ce, kuma wachdog ne ma yake ƙirga masa ita, sannan yana duba dalilin riset, in ba ta ƙafar riset aka tada shi ba sai ya wuce manhaja kai tsaye. Kai ma kana iya haka: in wuta ce ta dawo kuma CRC daidai take, kada ka jira komai. Ka shiga jira kawai in an danne maɓalli, ko babbar manhaja ta bar maka alama a rajistar ajiya kafin ta yi riset.

Kuma kada ka ce kowane bayit ya tsayar da tashi. Ƙafar RX in tana lilo ba a ja ta sama ba, hayaniyar inbata kaɗai ta isa ta haifar da bayit na bogi, na'ura ta zauna tana jiran mutumin da babu shi. U-Boot yana da zaɓin sai an rubuta wata kalma takamaimiya kafin ya tsaya, saboda irin wannan.

Malam Osilo: Tunda ka ambaci Arduino, tsohon butloda na Nano darasi ne. In wachdog ya yi riset a ATmega328P, yana nan a kunne da mafi gajeren wa'adinsa, kamar milisakan 16. Tsohon butloda bai kashe shi ba, yana can yana jiransa na turo manhaja, sai a sake riset, haka har abada, fitila na ta ƙyaftawa. Optiboot ya magance wannan.

Kafin ka yi tsalle zuwa manhaja kuma, kashe SysTick, ka share wanda ke jiran layi, ka mayar da duk taimar da ka taɓa yadda ka same ta. In ba haka ba bugu zai faɗo kafin manhaja ta saita VTOR, rajistar da ke nuna inda ayyukan katsalandan suke, ko bayan ta saita amma ba ta shirya karɓarsa ba.

Sabon Injiniya: Jama'a na dawo, Allah ya saka da alheri. Na koma TIM2 da bugu 10,000 a daƙiƙa, na sa > da sake dubawa bayan wa'adi, rubuta shafi milisakan 10, goge sashe daƙiƙa 1. CRC yanzu daga cikin filash nake karantowa. Na tura 48 KB sau 30 a jere, ko ɗaya bai faɗi ba. Na kuma zare wayar MISO da gangan ana cikin rubutu, jar fitila ta kama, na mayar na sake turawa ta wuce.

Antin Kod: Barka. Ka zare wutar ma ana tsakiyar kwafa zuwa filash na ciki?

Sabon Injiniya: Ban kai nan ba tukuna, Anti.

Antin Kod: To je ka zare, sau goma, a wurare daban-daban. Ka dawo ka gaya mana abin da ta yi da ta tashi.

Na Damagaram: Ni ma na duba nawa. Ramin na nan, shafi biyu 0xFF a wani bod da na riga na kai wa mai shi tun watan jiya. Sa'a ɗaya, wurin da teburin haruffan allo yake ne ya faɗa, shi ya sa wasu haruffa ke fitowa baƙi ƙirin, ni kuwa ina ta zargin allon. Gobe in sha Allah zan hau mota in je in karɓo shi.

Baba Mai Rediyo: In ka je ka duba min cif ɗin nan da kyau, ka ɗauko hoton rubutun da ke kansa. Ni har yanzu ban gama yarda da 'yan kasuwar nan ba.